Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya Ta Jihar Kano Kan Zane Da Aikin Hannu A Aji 4 Zuwa 6

Ranku ya daɗe, Shugaba da mambobin hukuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan amana, na rubuto muku ne a kan darasi guda, wanda sunansa yana rubuce a jadawalin makarantun firamare amma aikinsa ya yi ƙaura daga yawancin azuzuwa. Ina nufin darasin al'adu da fasaha, wanda malamai suke kira CCA, musamman ɓangarensa na zane da aikin hannu a aji 4 da 5 da 6. Na zaɓi in yi maganar a fili maimakon in kai takarda ofis a ajiye cikin fayil, domin ba ku kaɗai ta shafa ba. Akwai rabon hedimastoci a ciki, da na iyaye, da na masu sana'ar hannu waɗanda makarantu suke zaune a tsakiyar unguwanninsu amma ba a taɓa cewa su leƙo aji ba.

Ba sabon darasi nake roƙon a ƙirƙiro ba. Bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, cibiyar NERDC, wato cibiyar tarayya mai tsara manhajojin karatu, ta tsara manhajar ilimin tushe ta shekara 9, aka fara aiki da ita a 2008, kuma a cikinta aka haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo aka mayar da su darasi ɗaya. Da aka sake bitar manhajar aka rage yawan darussa, aka shiga sabon tsarin a 2014, wannan darasi yana cikin waɗanda suka tsira. Ke nan a takarda babu abin da ya rage a yi. Matsalar tana cikin aji.

Abin da ake yi a cikin aji, kamar yadda na gani a shekarun da na yi ina koyarwa kuma nake ci gaba da gani a littattafan jikokina, shi ne malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa. Za a rubuta musu ma'anar zane, a jera musu ire-iren layi, a gaya musu cewa launuka na asali uku ne, ja da shuɗi da rawaya, kuma idan aka gauraya shuɗi da rawaya za a sami kore. Yaro zai haddace wannan, ya amsa shi daidai a jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa ganin shuɗi ya haɗu da rawaya a gaban idonsa ba. Darasin da aka gina shi a kan hannu da ido ya koma hadda, kuma haddar ma da Turancin da yawancin yaran ba su kai ga mallaka ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda aka mayar da aikin hannu na ƙarshen zango. Kowane uba a jihar nan ya san zancen: za a ce yara su kawo aikin hannu, sai yaro ya dawo gida ya ce a ba shi kuɗin tsintsiya ko mafici ko faifai, a saya a kasuwa, ya kai makaranta a ba shi maki. A wasu wuraren ma an daina wahalar da kai, kuɗin ake karɓa kai tsaye, wanda ya kawo da yawa ya fi samun maki. Ba na zargin wata makaranta guda, kuma na san malamai da yawa suna yin hakan ne domin makarantar ba ta da ko abin shara. Amma ya kamata mu dubi abin da yaro ɗan shekara goma yake koya daga wannan ciniki. Yana koyon cewa ana sayen maki, cewa halal ne ya gabatar da aikin wani a matsayin nasa, kuma malaminsa da mahaifinsa duka sun sani sun yarda. Idan wannan yaro ya girma ya nemi a yi masa satar amsa a jarrabawar fita sakandare, bai kamata mu yi mamakin inda ya samo tarbiyyar ba. Ɗan talakan da ya zauna da kansa ya harhaɗa wata karkatacciyar tsintsiya kuwa, shi ne kaɗai ya yi abin da aka ce a yi, kuma sau da yawa shi ne yake tashi da maki mafi ƙanƙanta.

Na taƙaita maganata ga aji 4 zuwa 6 da gangan. Yaran waɗannan azuzuwa, masu shekara 9 zuwa 12, hannunsu ya nuna: suna iya riƙe almakashi da allura, suna iya awo da rula, suna iya ɗaukar aiki yau su ajiye su dawo masa mako mai zuwa ba tare da sun manta inda suka tsaya ba. A daidai wannan shekarun ne kuma yaro yake fara kallon zanensa da idon suka. Ɗan aji 1 yana zana abin da ya ga dama ya kawo maka yana murna, amma ɗan aji 5 ya fara gane cewa motar da ya zana ba ta yi kama da mota ba, kuma idan babu wanda ya nuna masa yadda ake duban abu a auna tsawonsa da faɗinsa kafin a sa fensir, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi bai iya ba, ya ajiye har abada. Ga kuma gaskiyar da kuka fi ni sani: akwai yara masu yawa, musamman mata da 'yan karkara, waɗanda aji 6 ne ƙarshen karatunsu na boko. Abin da ba a ba su a waɗannan shekaru uku ba, babu wata makaranta a gaba da za ta ba su.

Da a ce muna zaune ne a ƙasar da ba ta da gadon sana'a, da sai in yi shiru. Amma wannan Kano ce. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da dukanci, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata yana nan yana aiki, Kura ta yi suna da rini, Minjibir da saƙa, kuma sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki suna faɗin abin da mazaunansu suka gada. Ko makarantar boko ta farko da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, tana da sashen koyon sana'a inda ake koyar da aikin fata da ƙira da kafinta. Ba na cewa Turawan mulki sun yi haka ne don ƙaunarmu, suna da bukatarsu ta ma'aikata. Amma dai boko bai shigo Kano yana ƙyamar aikin hannu ba, mu ne muka raba su daga baya.

Bari in faɗi irin ayyukan da nake nufi, domin kada a ɗauka ina maganar fenti da buroshi da takardun da ake shigowa da su daga waje. Na fara da tawada da zayyana, saboda babu wani aikin fasaha da ya fi kusa da yaranmu. Yawancinsu suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, sun san yadda ake niƙa gawayi a haɗa da ƙaro a sami tawada, sun ga yadda ake feƙe alƙalami, kuma da yawa sun ga allon sauka da aka yi masa zayyana. Abin da ba a taɓa nuna musu ba shi ne cewa wannan zayyanar lissafi ce tsantsa. Idan aka ba ɗan aji 5 kwali da rula da zare da ƙusa, aka ce ya zana murabba'i, ya raba shi gida huɗu, ya sake raba kowane gida, ya zana da'ira a tsakiya da zaren, sannan ya cike gidajen da launi ta yadda dama za ta yi daidai da hagu, to a cikin mako uku ya yi aiki da rabi da kwata da sumuni, ya san tsakiyar da'ira da gefenta, ya kuma gane da kansa dalilin da ya sa kuskuren rabin inci a farko yake zama ɓarna babba a ƙarshe. Malamin lissafi yana shan wahala kafin ya cusa waɗannan abubuwa da alli kaɗai. Daga nan sai a wuce zuwa dagi, wanda kowane yaro ya gani a jikin gini ko riga amma kaɗan ne suka san yadda layinsa yake hawa bisa wani ya shige ƙarƙashin wani, sannan a kai ga zanen hula da askar babbar riga, a zana su a takarda mai gidaje kafin a taɓa allura. A kusan kowace unguwa akwai alaramma mai zayyana ko mai zanen hula da zai iya nuna wannan a zama biyu, kuma zuwansa aji zai gaya wa yaro, ba tare da an yi masa wa'azi ba, cewa iliminsa na allo da na boko ba abokan gaba ba ne.

Sai kara. Zangon farko yana faɗawa daidai da kaka, lokacin da karan dawa da na gero suke zube a gonaki. Yaranmu sun daɗe suna ƙera motar kara da gilashin kara da keken kara, suna ɓare ɓawon su yi ƙusoshi da shi su soka a totuwa, ba tare da kowa ya koya musu ba sai 'yan'uwansu. Makaranta ba ta taɓa ɗaukar wannan da muhimmanci ba, wani lokaci ma duka ake yi idan an kama yaro da shi a aji. Abin da nake so shi ne a shigo da shi cikin darasi a ɗora masa sharaɗi: kafin ka ƙera, zana abin a takarda daga gaba da daga gefe, rubuta awon kowane ɓangare, sannan ka ƙera shi daidai da abin da ka rubuta. Rukunin yara shida za su iya auna ajinsu da taku ko da igiya, su mayar da kowane taku ɗaya ya zama faɗin yatsa, su gina ajin da kara da kwali har da tagogi da ƙofa. Wannan shi ne tushen aikin mai zanen gini da injiniya da kafinta da tela, kuma kuɗinsa bai wuce na reza da ɗan sitaci ba. Rezar ma a hannun malami ya kamata ta zauna, ko a ba manyan yara a ƙarƙashin idonsa.

Yumɓu yana bukatar ƙarin haƙuri, shi ya sa na fi son sa ga 'yan aji 6. Yaro zai koyi cewa ba kowace laka ake gini da ita ba, dole a tace ta daga tsakuwa, a cuɗa ta sosai don fitar da iska, a ƙara mata garin tsingaro domin kada ta tsage, a bar abin da aka gina ya bushe a inuwa a hankali kafin a gasa. Wanda ya yi gaggawa ya shanya nasa a rana zai dawo ya tarar ya dare, kuma wannan darasi ne da babu bayanin da zai maye gurbinsa. Ƙaramin kasko ko asusu ya isa aikin zango guda. A nan malami yana da kayan koyarwa a aljihunsa, domin a bayan takardar naira 20 akwai hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Wannan baiwar Allah ta koyi sana'ar tun tana yarinya a garinsu Kwali, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aka kai aikinta Turai da Amurka, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Yara suna riƙe hotonta kullum suna sayen alewa, amma ina shakkar ko ɗaya cikin goma ya san sunanta.

Game da rini, shawarata ita ce a yi hattara. Rinin zamani da ake haɗawa da soda yana ƙona fata kuma yana iya illata ido, bai dace a buɗe shi a ajin da malami ɗaya yake lura da yara masu yawa ba. Ana iya koyar da ƙulli da launin da ba ya cutarwa: zoɓo, da gangamau, da ɓawon albasa, da goro, da lalle, da karan dafi da dukawa suke jan fata da shi. Wasu daga cikinsu suna koɗewa bayan wanki, kuma wannan ma abin tambaya ne mai kyau ga yaro, me ya sa zoɓo yake fita amma shunin karofi yake zama? Ƙyallen da za a yi aikin da shi, ragowar yankan teloli ya wadatar. Makarantun cikin birni kuma su kai yara Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma zane ya fito kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gabansu, su biya Gidan Makama su ga zanen bango da aikin azara na maginan da. Gine-ginen ƙasa masu ado suna ƙarewa, ana rushe su ko a shafe su da siminti, kuma zai yi kyau 'yan aji 6 na kowace makaranta su zana fuskar tsofaffin gidajen unguwarsu a ajiye a makarantar.

Na san akwai abin da yake zuciyar iyaye da malamai da yawa wanda ba kasafai ake faɗarsa a taron ilimi ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Bai kamata a yi wa wannan damuwa dariya ba, kuma bai kamata a bar ta ta zama dalilin kashe darasin gaba ɗaya ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan sura sanannu ne, haka nan sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce wa mai sana'ar zane idan ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Duk ayyukan da na lissafa a sama babu wanda ya fita daga wannan iyaka. Zayyana da dagi da gini da tukunya da rini da taswirar unguwa da zanen ganye da fure sun ishi shekara uku har a bar saura. Abin da ake bukata daga hukuma shi ne ta zauna da malaman addini a fitar da bayani gajere da Hausa, a raba wa hedimastoci, domin malamin aji ya san inda zai tsaya, uba kuma ya san abin da ake koya wa ɗansa. Rashin wannan bayani ne yake sa malami mai tsoron rigima ya zaɓi rubutu a allo ya huta.

Akwai kuma wata ƙyama ta daban wadda ba ta da alaƙa da addini. Wasu iyaye suna ganin sun kai ɗansu boko ne domin ya tsere wa aikin hannu, wasu kuma har yanzu suna kallon wasu sana'o'i a matsayin na wasu gidaje, su ce ɗansu ba ɗan magina ba ne ko ba ɗan dukawa ba. Amsar ita ce ba a cewa za a mayar da kowane yaro magini. Likitan tiyata da hannu yake aiki, haka mai gyaran waya, haka mai zane da kwamfuta, kuma dukkansu suna bukatar idon da ya saba lura da hannun da ya saba bin umarnin ido. Haka nan ba na goyon bayan a ce maza su yi kara mata su yi saƙa. A wannan shekarun kowa ya taɓa komai, yarinya ta auna ta ƙera, yaro ya riƙe allura, tunda dai manyan masu ɗinkin babbar riga a garin nan maza ne.

Za a ce mini azuzuwa sun cika, kuma gaskiya ne, akwai makarantun cikin birni da ɗaliban aji ɗaya suke haura ɗari, wasu a zaune a ƙasa. Amma cunkoson da ya hana aikin hannu ya hana karatu da lissafi ma, kuma ba mu ce a daina su ba. Hasali ma aikin hannu ya fi su jure cunkoso, domin ana yin sa a rukuni, ana yin sa a tsakar makaranta a inuwar bishiya, kuma yaron da ya riga ya gane yana koya wa na kusa da shi. Abin da yake kashe shi shi ne gajeren lokaci. Minti talatin da 'yan kai ba ya isa a raba kaya, a yi aiki, a tattara, a wanke hannu. Idan aka haɗe lokutan darasin na mako suka zama zama ɗaya mai tsawo, aka sa shi a ƙarshen yini, rabin matsalar ta kau ba tare da an kashe ko kwabo ba, kuma wannan umarni ne da takarda ɗaya daga ofishinku zuwa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 44 za ta iya tabbatarwa.

Batun malamai ya fi wuya. Yawancin masu koyar da darasin ba shi suka karanta ba, an ba su ne don cike gurbi, kuma mutum ba ya koyar da abin da shi kansa yake jin kunyar gwadawa. Jihar nan tana da manyan makarantun horar da malamai a Kumbotso da cikin birni da Bichi, ga kuma Zariya a kusa, inda sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yake, wurin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, tun wurin yana kwaleji, suna masu cewa mai zanen Nijeriya ya nemi tushensa a al'adun ƙasarsa. Ba a rasa masana ba ke nan. Roƙona shi ne idan za a shirya bita, kada ta zama irin wadda ake zama a ɗakin taro ana kallon majigi a karɓi kuɗin mota a watse. A zaunar da malaman a ƙasa, a ba su yumɓu da kara da tawada, kowa ya fita da abin da ya yi da hannunsa, kuma a sa masu sana'a na gari cikin masu koyarwa, a biya su kamar yadda ake biyan mai digiri. A matakin makaranta kuma, kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido a kan harkokin makaranta, ya san wane ne magini, wace ce mai saƙar faifai, wane ne baduku a unguwar. A ba kwamitin izini a rubuce ya gayyato su sau biyu ko uku a zango, a ware musu ɗan abin goro, domin wanda ya bar rumfarsa ya zo aji ya bar cinikinsa ne.

Amma duk wannan ba zai tsaya ba muddin ba a gyara yadda ake ba da maki ba, domin malami yana koyar da abin da ya san za a tambaye shi. Ina roƙon hukuma ta haramta karɓar kuɗi ko kayan kasuwa da sunan aikin hannu, ta faɗi haka a rediyo domin iyaye su ji da kunnensu, ta kuma samar wa makarantu tsintsiya da sauran kayan tsafta ta hanyar da ta dace, tunda bukatar da ta haifar da al'adar ta gaskiya ce. Kada a ba da maki sai a kan aikin da aka fara aka kuma gama a makaranta a gaban malami, kuma mafi yawan makin darasin ya fito daga nan, jarrabawar rubutu ta ɗauki kaso kaɗan. A wajen ba da makin kada a tsaya ga kyan abin kaɗai, a dubi ko yaron ya bi awon da ya rubuta, ko ya gama abin da ya fara, ko aikinsa na ƙarshen zango ya fi na farko, ko zai iya tsayawa ya yi bayanin yadda ya yi. Da wannan ma'auni yaron da ba shi da baiwar zane amma yana da naci zai sami haƙƙinsa, haka yaron da karatu yake yi masa nauyi ko wanda ba ya ji sosai zai sami fage ɗaya da zai nuna abin da ya iya. Jami'an da kuke turawa duba makarantu su ma su daina wadatuwa da kundin shirin darasi, su ce a nuna musu abin da yara suka yi a wannan zangon, su ɗauki ɗaya su kira mai shi su tambaye shi.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma na san hankali ya fi karkata ga gina azuzuwa da samar da kujeru da ɗaukar malamai, waɗanda duk sun cancanci a fara da su. Abin da nake nema bai yi gogayya da su a kasafi ba. Idan ana ganin aiwatar da shi a jiha baki ɗaya lokaci guda zai yi nauyi, a zaɓi makarantu kaɗan a kowace shiyya, na birni da na karkara, a gwada na shekarar karatu ɗaya, a ba kowacce almakasai da ruloli da kwali da akwatin ajiya mai makulli, domin aikin da ba shi da wurin kwana ba ya kai mako. A ƙarshen zango na uku kowace makaranta ta baje ayyukan yaranta ranar ba da sakamako, da sunan kowane yaro a jikin nasa, a gayyaci iyaye da mai unguwa da masu sana'ar da suka taimaka. Waɗanda suka fi fice a kai su Gidan Ɗan Hausa a nuna wa jama'a tare da haɗin gwiwar Hukumar Tarihi da Al'adu, ku kuma ku je da kanku ku duba kafin ku yanke shawarar faɗaɗa shirin ko gyara shi.

Ina fatan za ku dubi wannan koke da idon basira, ku kuma sanar da jama'a matakin da kuka ɗauka, musamman a kan batun sayen maki da tsintsiya, wanda ba ya bukatar jiran sabon kasafin kuɗi. Allah ya yi muku jagora, ya shirya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Birnin Kano.